Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne: Lacca Kan Ciwon Gadon Baya da Neman Abinci a Gaya



Iyayenmu sarakuna da malamai, shugabannin ƙungiyoyin sana'a, iyaye mata, abokan aikina ma'aikatan kiwon lafiya, da ku matasa da kuka ajiye babur da kwale-kwale da keken ɗinki kuka zo, ina yi muku barka da zuwa. 'Yan'uwa Dandawa, Kyangawa da Zabarmawa, fofo. Na san awa guda a wurin mai neman na cefane ba ƙaramin abu ba ce, don haka zan yi iya ƙoƙarina kada ku koma gida hannu rabbana.

Kafin in shiga magana ina da roƙo. Kowa ya kai hannunsa wurin da ya fi damunsa idan ya kwanta da dare. To, madalla. Ku dubi juna. Wasu sun dafe ƙugu, amma ga hannaye da yawa sun tafi gindin wuya, wasu kuma suna ta laluben tsakanin kafaɗu, wurin da hannu ba ya kaiwa sosai. Wannan wurin shi ya tara mu yau. A ɗakin duba marasa lafiya na ji sunayensa iri-iri. Wani ya ce kamar an kafa masa ƙusa a ƙarƙashin allon kafaɗa. Wata ta ce kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Wani ya ce yana ci kamar garwashi, daga la'asar har barci ya ɗauke shi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne. Ina yaro, kusan kullum bayan isha'i sai ya yi rub da ciki a tabarma ya kira ni in taka masa baya. In na tambaye shi me yake damunsa, amsarsa ɗaya ce: gajiya ce, ɗana. Da wannan gajiyar ya ciyar da mu, da ita ya biya mana lakwal, da ita ya tsufa. Sai da na yi karatun jikin ɗan Adam na gane cewa da an ɗaga masa kan keken da bulo biyu, aka matsar da shi kusa da haske, aka saya masa tabarau, da rabin wahalar nan bai sha ta ba. Wannan tunanin bai taɓa barina ba. Shi ya sa ban zo in ce wa kowa ya bar sana'arsa ba. Na zo da maganar magabata: gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne.

Garin da yake ci da bayansa

Gaya mashiga ce. Ga Malanbil a tsallaken kogi, ga Kamba ta jihar Kebbi a gefenmu, ga hanyar Dosso da Yamai ta miƙe arewa. Tun da aka gina gadar Kogin Kwara a 1958, yawancin kayan da jirgin ruwa ya sauke wa Nijar a Kwatano ta nan suka riƙa bi. Direban da ya taso daga bakin teku ya cinye fiye da kilomita 700 a zaune kafin ya ga ruwan kogin nan, kuma saura masa wajen 300 ya shiga Yamai. Da aka rufe gadar a ƙarshen watan Yuli na 2023, kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Kayan da tirela take wucewa da su a kan taya suka dawo kan mutane: a sauke a tsallake, a loda a kwale-kwale, a sauke a wannan gaɓar, a hau gangare da su, a ɗora wa babur ko amalanke. Buhu ɗaya sai ya hau bayan mutum huɗu ko biyar kafin ya isa inda za shi.

Ku bar bakin kogi ku shiga karkara. Yankinmu ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, shi ya sa aiki ba ya yankewa: dashen shinkafa a duƙe, saran rake, haƙar rogo da dankali, ban ruwan lambu. A Dallol Foga mata suna kankare ƙasar gishiri, su jido ruwa, su tace, su kwana gaban wuta suna dafawa. A kowane gida akwai turmi da taɓarya, akwai guga, akwai wanki, akwai goyo. A cikin gari kuma ga tela, ga mai ɗinkin hula, ga mai kitso, ga ma'aikacin buro da mai fitar da kaya a duwan sun kafa ido a kwamfuta, ga yaranmu sun sunkuyar da kai a kan salula.

Wannan ciwo ba a Gaya aka fara shi ba. A shekarar 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi sukutum kan cututtukan masu sana'a, ya bayyana yadda teloli da masu ɗinkin takalmi suke ranƙwafewa saboda zama. Ya kuma shawarci likitoci su riƙa tambayar kowane mara lafiya sana'arsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.71 ne suke fama da ciwon ƙashi, gaɓoɓi da tsoka a duniya. Bambancinmu da wasu ƙasashe shi ne, mu a nan in baya ya ƙi, tukunya ba ta hawa wuta.

Yadda Allah ya gina gadon baya

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera kamar carbi: 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a ƙugu, sauran kuma sun haɗe a ƙasa. Tsakanin kusan kowane biyu akwai ɗan matashi mai taushi, kamar gammo. Ta tsakiyar ƙasusuwan laka ta ratsa, wadda take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa. Guda 12 na gadon baya kowanne yana riƙe da haƙarƙari biyu, dama da hagu, shi ya sa wurin yake da ƙarfi ƙwarai, kuma bai cika gocewa ba.

Allon kafaɗa kuwa shi abin mamaki ne. Ba a kafe shi a ƙashin baya ba. Yana kwance a kan haƙarƙari, tsokoki ne suka ɗaure shi ta ko'ina kamar yadda ake ɗaure kwale-kwale da igiyoyi a bakin gaɓa. Duk lokacin da ka miƙa hannu gaba, ko ka riƙe kan babur, ko kika ɗaga taɓarya, waɗannan igiyoyin ne suke ja. Ciwon da akasarinku kuka nuna ɗazu daga nan yake fitowa: daga tsoka da ƙananan gaɓoɓin da suka gaji, ƙashin kuwa lafiyarsa lau.

Abu uku suke gajiyar da su. Na farko nisan kaya daga jiki. Ɗauki buta cike da ruwa ka rungume ta a ƙirji, za ka iya yini da ita. Miƙa hannu da ita gaba, ko minti biyu ba za ka yi ba. Nauyin butar bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. In yana zaune daidai a kan wuya, ba a jin sa. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa idan aka sunkuyar da kai sosai, irin sunkuyon mai duba salula a cinya, nauyin da wuya yake ji ya kan kai kilo 27. Ya ɗara bido mai lita 25 ke nan.

Na biyu daɗewa a hali ɗaya. Tsoka tana shan jini ne idan tana ɗaurewa tana saki. In ta ɗaure ta tsaya haka awa biyu, jini ya ragu, sai ta fara kuka. Ku lura da wannan, domin an sha gaya mana cewa ciwon baya daga mugun zama yake, mu zauna ƙiƙam kamar soja. Wanda ya zauna ƙiƙam awa uku shi ma zai tashi da ciwo. Babu zaman da yake da kyau in ya daɗe.

Na uku maimaici. Ɗaga taɓarya sau ɗaya ba komai ba ne. Ɗaga ta sau ɗaruruwa, safe da yamma, shekara da shekaru, ba tare da hutun da tsoka za ta gyara kanta ba, shi ne yake zama ciwo. Ga mai kabu-kabu da direba kuma akwai ƙarin girgiza, wadda take shiga jiki ta mazauni da ta hannu tun safe har dare.

Me ya sa yake ƙin tafiya

Idan ciwo ya wuce wata 3, likitoci suna kiransa daɗaɗɗen ciwo, kuma halinsa daban ne. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka jijiyoyin da suke kai saƙon ciwo suke. In sun daɗe suna kai ƙara, sai su zama masu saurin firgita: ɗan motsi kaɗan, ɗan sanyin hunturu, ɗan ɓacin rai, sai su yi kururuwa kamar an ji sabon rauni. Ciwon gaskiya ne, ba ƙarya mai shi yake yi ba, ba kuma raki ba ne. Sai dai ƙarfin ciwon ba shi yake nuna girman ɓarna ba.

Daga nan sai mutum ya faɗa wani rami. Yana tsoron motsi, sai ya ɗaure jiki. Tsokar da ba ta motsi ta ƙara rauni. Rauni ya ƙara ciwo, ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara firgita jijiyoyi. A zuba damuwa a kai. Ku kula da kanku ranar da kasuwa ta ƙi, ko ranar da mai bashi ya yi sallama: kafaɗunku suna hawa sama har kusa da kunne ba ku sani ba. A shekarun nan na rufe iyaka na ga mutane da yawa da ciwonsu ya tashi a daidai lokacin da cinikinsu ya faɗi. Jiki magayi.

Na san wasu in ciwo ya daɗe haka zuciyarsu takan tafi ga jifa ko sammu. Ina roƙonku, kafin ka zargi maƙwabci ko kishiya, ka fara duba kujerarka, da tsawon ƙotar fartanyarka, da yawan buhun da ka ɗauka a makon nan.

Ciwon da ba a jira da shi

Yanzu ku ba ni kunnuwanku duka biyu, domin wannan sashen yana iya ceton rai. A cikin masu ciwon gadon baya akwai kaɗan da nasu ba gajiyar tsoka ba ce.

Na farko tarin fuka na ƙashin baya. Ƙwayar cutar tarin fuka ba huhu kaɗai take ci ba, tana shiga ƙashi, kuma gadon baya yana cikin wuraren da ta fi kamawa. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana ta a 1779, har yau da sunansa ake kiranta. Alamunta: ciwo a wuri ɗaya da ba ya lafawa ko an kwanta, zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, daga baya wani ƙashi ya turo kamar ɗan doro. Na taɓa karɓar wani saurayi ɗan dako da ya yi watanni yana shan ƙwayoyi ana yi masa ƙaho, yana cewa buhu ne ya murɗe shi. Ranar da aka kawo shi a amalanke aka kawo shi, ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Ya sha magani kusan shekara, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma doron ya zauna. Maganin tarin fuka kyauta ne a ƙasar nan. Jinkiri ne ya yi masa tsada.

Sauran alamun da suke cewa a tafi likita yau, ba gobe ba, su ne: ƙafa ta yi nauyi ko ta mutu, ko mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida. Ciwon da ya zo farat ɗaya tare da nauyin ƙirji, gumi da ƙarancin numfashi, domin zuciya takan aika kukanta tsakanin kafaɗu, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Ciwo bayan faɗuwa daga babur, daga giginya ko daga saman mota. Tsohuwar da bayanta ya ɗauki ciwo mai tsanani bayan ɗan tuntuɓe, domin ƙashin tsufa yakan burma. Ciwon da yake tare da tari da zazzaɓi, ko amai da baƙin bayan gida. Ƙuraje masu ruwa da suka yi ɗamara a gefe ɗaya na jiki. Da mai sikila da ciwonsa ya canza hali. Ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibitin Gaya, daga nan Dosso ko Yamai.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ciwonsa kuma yana tashi da aiki yana kwanciya da hutu, ya kwantar da hankalinsa. Mafi yawan irinsa ba ya ma bukatar hoton ƙashi.

Gyaran kaya, kowa da sana'arsa

Wanda ya ƙirƙiro gammo bai ce a daina ɗaukar kaya ba. Ya dai gane akwai dabara tsakanin kai da tulu. Irin wannan dabarar nake so mu faɗaɗa.

Ɗan'uwana ɗan dako, matso da buhu jikinka kafin ka ɗaga. Durƙusa da gwiwa, ka tashi da ƙarfin cinya. In za ka juya, juya da ƙafafunka, kada ka murɗa gadon baya da kaya a kanka. Buhun siminti ko na shinkafa kilo 50 ne, na hatsi yakan kai 100. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Buhu mai kilo 100 na mutum biyu ne, ko da kana jin ƙarfi a yau.

Mai kwale-kwale, kada ka yini kana tuƙi ta gefe ɗaya. Sauya hannu, ka bar ƙugu da ƙafafu su taya kafaɗa. Mai kabu-kabu, gyara kan babur yadda gwiwar hannunka za ta ɗan lanƙwasa, kada ka riƙe shi kamar za a ƙwace maka. Ka kuma gyara abin da yake shanye girgiza. In kana jiran fasinja, sauko ka tsaya da ƙafarka. Direba, matso da kujera yadda bayanka zai jingina, kuma duk awa biyu ka tsaya ka zagaya motar, ka duba taya, ka miƙe.

Tela da mai ɗinkin hula da mai kitso, ku kawo aiki wurin ido, kada ku kai ido wurin aiki. A ɗaga keke ko teburi, a zauna inda haske yake. Ga wani abu da mutane ba su sani ba: daga wajen shekara 40 ido yakan fara kasa ganin abu na kusa, sai mutum ya riƙa sunkuyawa yana ƙura ido bai sani ba. Tabarau na karatu ya warkar da bayan teloli da yawa. Ma'aikacin buro, ɗora kwamfutarka a kan littattafai har samanta ya zo daidai idonka. Ɗalibi da almajiri, a ɗaga allo da littafi. Mai salula, ɗago ta zuwa fuskarka.

Manomi, in ƙasa ta ba da dama, ƙara tsawon ƙota. 'Yan'uwanmu na arewa da suke noma a tsaye da doguwar hauya sun huta da wani abu. Inda dole sai an duƙa, kamar dashen shinkafa, duk ƙarshen layi ka miƙe, ka dafe ƙugu, ka ɗan gantsare sau uku.

Iyayena mata, ku ne kuka fi kowa ɗaukar kaya a garin nan, ku ne kuma kuka fi kowa yin shiru. Gwanintarku ta ɗaukar kaya a ka har masana sun auna ta. A 1986 mujallar Nature ta buga bincike kan matan Luo da Kikuyu na Kenya, aka ga suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da sun kashe ƙarin ƙarfi ba. Ga mace mai kilo 60, kilo 12 ke nan. Bido kuwa 25 ne, ga goyo a baya. Inna, raba ruwan nan gida biyu. Ɗora bahon wanki a kan benci ko kifaffen turmi. Sa wa tsintsiya doguwar ƙota. In daka ya yi yawa a yi shi karɓa-karɓa, ko a kai inji. In za ki ba da nono, jingina bayanki, ki ɗora yaron a kan matashi ya zo gare ki.

Motsi shi ne babban magani

A da in baya ya yi ciwo cewa ake a kwanta. Yau an tabbatar doguwar kwanciya ƙara shi take yi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu, ta sa ilmantar da mara lafiya da motsa jiki a gaba, ta kuma hana dogara da ɗamarar baya da ƙwayoyi masu bugarwa. Darasin ya shafi gadon baya ma.

Wani zai ce, Malam, ni da nake yini ina aiki, wane motsa jiki kuma? Aikinka hanya ɗaya yake lanƙwasa ka, gaba. Abin da jikinka yake nema shi ne a mai da shi ɗaya hanyar. Ga motsi biyar, babu mai bukatar ko dala. Ku tashi mu yi tare.

Na ɗaya, ja kafaɗunka baya da ƙasa kamar za ka matse lemo tsakanin allunan kafaɗa. Ƙirga biyar, saki. Sau 10. Na biyu, kana kallon gaba, ja haɓarka ciki, ƙeya ta yi tsawo. Sau 10. Na uku, tsaya a ƙofar ɗaki, dafa dogaran ƙofa da hannu biyu, ka ɗan tura ƙirji gaba har ka ji ya buɗe, ka ja numfashi mai zurfi sau biyar. Na huɗu, zauna a kujera mai gajeren majingini, haɗa hannu a ƙeya, ka gantsare a hankali ta kan majinginin. Na biyar, shi ne mai gina ƙarfi: nemi tsohuwar robar cikin tayar babur, ɗaura ta a ginshiƙi ko icce, ka ja ta zuwa cikinka da hannu biyu kamar mai jan linzami. Sau 10, a huta, a sake, kwana uku a mako.

Yaushe za a yi? Allah ya riga ya yanka mana yini gida biyar. Duk wanda ya idar da salla ya ƙara minti biyu ya yi na farko zuwa na huɗu. A tsakanin salloli kuma, kada rabin awa ta wuce ba ka canza hali ba. Masu aikin zama su ƙara da tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako. In motsi ya ɗan tayar da ciwo amma ya kwanta kafin washegari, ci gaba. In ya wuce haka, rage, amma kada ka daina. Kada ka sa ran ganin canji a kwana uku. Ba shi wata biyu zuwa uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganar ƙwaya da maganin gida

Farasitamol yana da amfani in an bi ƙa'ida. Ibuprofen da diklofenak suna rage ciwo, amma na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci. Shan su kullum yana huda ciki yana kashe ƙoda, kuma mai gyambon ciki, mai hawan jini da mai juna biyu kada su taɓa su sai da izinin likita. Ku guji haɗin da mai tallar magani yake ƙulla muku a leda, ja da fari da rawaya, domin ba ku san abin da ke ciki ba, shi ma sau da yawa bai sani ba.

Sai tramol. 'Ya'yana, ƙannena, zan yi muku magana a matsayin wanda yake ƙaunarku. Na san yawancinku ba don shaye-shaye kuka fara ba. Baya ne ya yi ciwo, ga kaya a bakin kogi, aboki ya ce ga abin da zai sa ka yi aikin mutum biyu. Wanda likita yake rubutawa yawanci miligiram 50 ne. Na kasuwa akwai mai 200, akwai mai 225. Ba ya warkar da tsoka. Toshe bakin jiki yake yi don kada ya gaya maka ya gaji, sai ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙarshensa farfaɗiya a kan babur ko a tsakiyar kogi, da jikin da ba ya tashi sai da shi. Wanda ya riga ya saba kada ya yanke farat ɗaya, kada kuma kunya ta hana shi zuwa. Ya zo a rage masa a hankali. Ku kuma iyaye, ku karɓe shi a matsayin mara lafiya.

Na gida kuwa akwai masu kyau. Gashi da ruwan ɗumi da tsumma, da tausa da man kaɗanya, suna saki tsoka, ku ci gaba da su. Ƙaho wasu suna jin sauƙinsa na ɗan lokaci, amma askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, don haka sabuwar reza ko a fasa. Sakiya da wuta a gadon baya ba ta da wani amfani sai tabo. Tsoho da tsohuwa kada a taka musu baya. Doron da ya fito sabo kuma ba na maɗori ba ne, na likita ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Akwai gyaran da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shugabannin 'yan dako, ku zauna da masu kaya ku tsai da magana ɗaya: buhun da ya wuce kilo 50 mutum biyu ne, kuma ladan ya zama na mutum biyu. In kun haɗa baki, babu yaron da zai ji tsoron a ce masa rago. Hukumomin gari da manyan 'yan kasuwa, gyaran gangaren da ake hawa da kaya a bakin kogi, da samar da kura da baro, sadaka ce mai gudana. Magidanta, wanda ya iya sayen sabuwar salula ya iya sayen kurar ruwa, ya iya biyan kuɗin niƙa. Malaman makaranta, ku tashi yara su miƙe a tsakiyar darasi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tun yana ɗanye ake karya shi: yarinya 'yar shekara 10 ba ta da wuyan ɗaukar bido. Mu kuma ma'aikatan lafiya, mu riƙa tambayar da likitan nan na Italiya ya bar mana fiye da shekara 300, wato mene ne sana'arka, kafin hannunmu ya kai ga takardar magani.

Jama'a, ba zan yi muku alkawarin ciwon kowa zai tafi ɗungurungum ba. Wasu zai tafi. Wasu zai ragu har su manta da shi sai jefi-jefi. Wasu za su zauna da shi, amma su ne za su riƙe linzaminsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa jiki amana ne, za a tambaye mu yadda muka yi da shi. Haƙuri ibada ne, neman sauƙi ma ibada ne, ba sa karo da juna.

Keken mahaifina yana nan a zaurenmu, ƙanena ne yake ɗinki da shi. Akwai bulo biyu a ƙarƙashinsa, yana bakin taga, kuma da an kira salla yakan tashi ya dafa ƙofa ya buɗe ƙirji kafin ya ɗauki buta. 'Ya'yansa ba su san taka baya ba. Abin da nake roƙon kowannenku ke nan: yau, kafin rana ta faɗi, ka koma wurin aikinka ka dube shi da sabon ido, ka nemo naka bulo biyun.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a guminmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya jiƙan iyayen da suka ɗauke mu a bayansu.